Injin go-kat ya ƙi tashi bayan doguwar ajiya? Saki igiyar, ka shinshina tanki

Wata 14 'yar motar tseren yarana, wadda ake kira go-kat, ta yi a lungun gareji lulluɓe da tamfol. Ranar da na ajiye ta lafiyarta ƙalau, ja ɗaya take tashi. Ranar da na yaye tamfol ɗin kuwa, na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, ko tari injin bai yi ba. Autana yana tsaye rungume da hular kwanonsa, ya dube ni ya dubi motar. Abin da na yi daga wannan safiya zuwa yamma shi zan zayyana maka, haɗe da abin da na gani a wasu injinan da abokai suka kawo mini daga baya, don kusan dukkansu ciwo ɗaya ke damunsu.

Injin da ke kan tamu Honda GX160 ne, mai cc 163, irin wanda baƙin mai ke zaune a ɗakinsa daban, ba a gauraya shi da fetur. Idan naka GX200 ne mai cc 196, ko Predator 212, ko ɗaya daga cikin injinan da aka kwaikwayi ƙirar Honda wajen yin su, duk abin da zan faɗa ya shafe ka, domin cikinsu kusan ɗaya ne.

Ka riƙe wannan a ranka kafin ka ɗauki sifana: injin da aka ajiye da lafiyarsa, ƙarfensa bai ci ba, tunda bai motsa ba. Fistin ɗin da ya yi aiki bara shi ne dai yake ciki. Abin da ya canja a tsawon watannin nan shi ne fetur ya ruɓe, danshi ya shiga, ɓera da zanzaro sun sami masauki. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga mutum ya fara da sayen sabon kwayil (mai ba filogi wuta) da sabon kafireto (mai haɗa fetur da iska) tun bai buɗe murfin tanki ba.

Fito da motar waje tukuna. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma a rufaffen gareji tana kashe mutum. Sannan ka ɗaga ƙafafun baya daga ƙasa, ka tokare da katako mai ƙarfi, ka ɗaga gaban ma yadda motar za ta zauna daidai ba a karkace ba. Wannan ɗagawar ba ta da zaɓi. Kulocin go-kat shi ke kama kansa da zarar injin ya ɗau gudu, wayar totur kuma tana yin tsatsa a cikin kubenta idan ta daɗe ba ta motsa ba. In ta maƙale a buɗe kuma injin ya tashi, motar za ta zabura babu kowa a kanta, kai kuma kana tsaye a bayanta, yara suna gabanta. Taka totur ɗin sau da yawa, ka sa ido a kan hannun da ke jikin kafireto, ka tabbata yana komawa mazauninsa da kansa duk lokacin da ka ɗaga ƙafa.

Duba baƙin mai. A waɗannan injinan ya kamata ya kawo bakin ramin da ake zuba shi, kuma abin da suke ci bai wuce lita 0.6 ba, na 10W-30. Shinshina sandar awon. Idan kana jin fetur, kuma man ya tsinke ya yi yawa, to kafireto ya yi ta yoyo zuwa cikin inji duk tsawon ajiyar, sai a juye shi kafin a tada. Idan ya yi fari-fari, ruwa ne ya shiga. Honda na saka wa da yawa daga cikin injinan nan na'urar da take kira Oil Alert, wadda ke yanke wuta idan mai ya yi ƙasa. Na ga wanda ya wuni yana neman wuta, alhali man ne ya ragu kaɗan, motar kuma tana tsaye a gangare.

Yanzu kwance filogi da soket mai lamba 21, ka ɗiga baƙin mai kaɗan cikin ramin, kamar cikin murfin kwalba, ka bar makunnin wuta a kashe, ka ja igiya a hankali sau biyar ko shida. Bangon silinda ya bushe ƙayau a watannin nan, bai kamata zoben fistin su fara gogarsa da gudu haka ba. Idan igiyar ta ƙi jawuwa sam, kada ka sa ƙarfi. Wani lokaci an jingine motar a tsaye ne, mai ya gangaro ya cika saman fistin, kuma da ka cire filogi za ka ga ya feso. Wani lokaci tsatsa ce ta riƙe zoben. Ita wannan sai ka fesa man sassauta tsatsa ta ramin filogi, ka bar shi ya kwana, washegari ka cire murfin igiya ka riƙa juya notin filawil, wato faifan ƙarfen da igiya ke juyawa, gaba da baya kaɗan-kaɗan har ya saki. In kuma igiyar tana fitowa sakayau ba ta kama komai, haƙoran da ke cikin murfinta ne suka daskare, wankewa da ɗigon mai sun ishe su.

To, mu zo kan fetur, inda maganar take.

Da na buɗe murfin tankin tamu, abin da ya bugi hancina ba warin fetur ba ne, wari ne mai tsami irin na banish ɗin kafintoci. Na zuƙo kaɗan na zuba a kwalbar gilashi, na ɗaga ta a rana. Launinsa ya yi duhu, kuma a gindin kwalbar akwai wani ruwa daban da ya kwanta, kaurin yatsa guda, da layi tsakaninsa da na sama. Fetur haɗin abubuwa da yawa ne, masu sauƙi da masu nauyi. Masu sauƙin su ne ke saurin kamawa da wuta idan inji yana da sanyi, kuma su ne ke fara tashi su bi iska. Abin da ya rage sai ya haɗu da iska ya koma danƙo. Littafin da Honda ke bayarwa tare da injin ya yi gargaɗin cewa wannan lalacewa tana iya farawa cikin kwana 30 kacal. Idan fetur ɗin mai gauraye da etanol ne, kamar mai kashi 10 cikin 100 da ake sayarwa a ƙasashe da dama, abin ya fi muni, saboda etanol yana jawo danshin iska, in ya ƙoshi sai shi da ruwan su rabu da fetur su kwanta a ƙasa, daidai inda tiyo ke zuƙa.

Kada ka ƙara sabo a kan tsoho. Juye shi duka, har ɗigon ƙarshe, cikin mazubi mai murfi, nesa da wuta da sigari. Haska tocila cikin tankin. Idan akwai ɓarɓashin tsatsa, kwance tankin ka ɗauraye shi da ɗan sabon fetur har sai ya fito garau. A ƙarƙashin makunnin fetur akwai wani ɗan kofi da ake kwancewa da sifana 10, aikinsa tare datti da ruwa, kuma mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Wanke shi, ka kula da zoben robar da ke bakinsa. Matsa tiyo da yatsu: in ya ƙage ko ya tsattsage, canja shi. Murfin tanki kuma yana da 'yar kafar shaƙar iska. Idan ta toshe, injin zai tashi ya yi 'yan mintuna ya mutu, in ka sassauta murfin ka ji ya yi "fuu", ka gano ɓarawon.

Zuba sabon fetur kamar lita ɗaya, ka mayar da filogi, ka buɗe makunnin fetur, ka rufe cok (abin rage iskar da ke shiga kafireto), ka kunna makunnin wuta. Yawancin go-kat suna da makunni na biyu kusa da sitiyari, shi ma duba shi. Ja sau biyar. In bai tashi ba, tsaya nan, ƙarin ja ba zai ƙara komai ba sai jiƙa filogi.

Ga gwajin da ya fi kowanne amfani a wurina, domin shi ke raba maka matsalar gida biyu cikin minti ɗaya. Cire matatar iska, ka duba ta da kyau, don a tamu ɓera ya cinye rabin soson ya yi sheƙa da sauran. Fesa maganin wanke kafireto sau ɗaya a maƙogwaron kafireton, ko ka ɗiga fetur 'yan ɗigo ta ramin filogi ka mayar da shi. Kawar da galan ɗin fetur can nesa, ka janye fuskarka daga bakin kafireto, ka ja. Tamu ta yi ruri na daƙiƙa uku ta mutu. Wannan rurin ya gaya mini cewa wuta tana nan, matsi yana nan, lokacin wuta daidai yake, fetur ne kawai ba ya isowa. In naka ya yi haka, kada ka taɓa kwayil, kada ka taɓa bawul, nufi kafireto kai tsaye. In ko motsi bai yi ba, tsallaka zuwa maganar wuta a ƙasa.

Kafin ka kwance kafireto, ɗauki hoto da wayarka ta gefe biyu ko uku. Akwai sandar gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, da wani siririn sifirin da ke tafiya tare da ita, akwai kuma gasket-gasket da kowanne ke da fuskar da yake kallo, kuma bayan awa ɗaya ba za ka tuna yadda suke ba. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Rufe fetur, kwance noti biyu masu lamba 10 da ke riƙe da gidan matatar iska, zare tiyo, ka jawo kafireton a hankali kana zare sandar da sifirin.

Juya shi ka kwance notin da ke tsakiyar kofin ƙasa. Abin da na tarar a kofin tamu har yanzu ina ganinsa: wani kore-koren danƙo ya bi gindin ya daskare, ga farin gari kamar alli a gefe inda ruwa ya ci ƙarfen. Zare 'yar sandar da ke riƙe da fulot, wato abin da ke iyo a kan fetur ya rufe hanya in kofi ya cika, fulot ɗin zai fito tare da allurarsa mai bakin roba. Tamu allurar ta manne a mazauninta, sai da na ɗan ja ta kafin ta saki, wato ko ɗigon fetur ba ya shiga kofin. Girgiza fulot ɗin kusa da kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje.

A cikin bututun tsakiya, inda notin kofin ya fito, akwai babban jet na tagulla, ɗan sukuru mai rami da fetur ke bi ta cikinsa. Nemi sukundireba mai faɗin baki da ya cika tsagar daidai, ka danna sosai kafin ka juya. Tagulla tana da laushi, in bakin ya zame sau biyu tsagar ta lalace, kuma fitar da jet ɗin ya zama aikin wuni guda. Bayansa akwai wani dogon bututu siriri mai ƙananan huji a jikinsa. In bai faɗo da kansa ba, tura shi daga cikin maƙogwaro da wani abu mara kaifi. Ɗaga kowanne ka kalli haske ta cikinsa. Ramin da ya kamata ya zama da'ira tsaf, in ka ga ya tsuke ko ya yi duhu, danƙo ne.

Da me za ka zokale shi? Fere tsohuwar wayar lantarki ka zaro silin jan ƙarfe guda ɗaya. Ya fi tagullar laushi, don haka zai fitar da datti ba tare da ya faɗaɗa ramin ba. Allurar ɗinki da bakin abin huda ƙarfe kuwa suna ƙara wa ramin faɗi, kuma jet ɗin da aka faɗaɗa ba ya komawa, injin zai yi ta shan mai yana baƙanta filogi har sai an saya masa wani.

Sai ƙaramin jet, wanda shi ne aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi saurin toshewa domin raminsa ɗan ƙarami ne ƙwarai. Yana saman kafireto, baƙar roba ce, kan sukurun silo, mai daidaita gudun inji idan ba a taka totur ba, ya danne shi. Kwance sukurun kana ƙirga juyi nawa ka yi, ka rubuta, sannan ka ɓanɓaro jet ɗin sama a hankali, ka kula da ƙananan zoben robar da ke jikinsa. Idan ka taɓa ganin injin da ba ya zama sai da cok a rufe, ko wanda muryarsa ke hawa tana sauka kamar mai haki, to yawanci wannan ɗan ramin ne. Ni sai da na buɗe kafireton tamu sau biyu a ranar, domin a karon farko na wanke babban na bar ƙaramin.

Fesa magani ta kowace kafa a jikin kafireton har ka ga ya fito ta wani gefen. Sa tabarau, saboda yakan dawo fuska, kuma ka nisanta shi daga robobi don yana kumbura su. Busa iska, ka mayar da komai yadda hotonka ya nuna. In gasket ya yage, sa sabo, domin iskar da ke satar hanya ta nan tana hana inji zama kamar yadda toshewar jet ke yi. Buɗe fetur ka jira minti ɗaya, ka sassauta sukurun da ke gefen kofi: in fetur ya zubo, ya iso. In kuma ya yi ta tsiyaya ta maƙogwaro, obafulo ke nan, allurar ba ta zauna ba. Akwai kafiretoci masu araha da ake sayarwa a madadin na asali, kuma sukan yi aiki, amma girman jet ɗinsu ba kullum yake dacewa ba. Ni dai ba na yar da na asali muddin ruwa bai cinye cikinsa ba.

Maganar wuta ba ta da tsawo. Filogin waɗannan injinan NGK BPR6ES ne, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. Sa shi cikin hularsa, ka riƙe da filaya mai hannun roba, ka jingina jikinsa da ƙarfen inji nesa da ramin filogi, a inuwa, wani ya ja maka igiya. Kana neman tartsatsi shuɗi mai ƙara. In babu, gwada sabon filogi. In har yanzu babu, zare baƙar wayar da ta taso daga kwayil zuwa makunni ka sake gwadawa, filogi yana waje. Idan wuta ta dawo, kwayil lafiyarsa lau, laifin na makunni ne, ko na'urar mai, ko wata waya da ɓera ya ɓare tana taɓa jikin mota. Mayar da wayar kafin ka tada injin, don in ba ita ba ka da abin kashe shi. Tazarar da ke tsakanin kwayil da filawil milimita 0.4 ce. Tsatsar da ke kan maganaɗisun ba ta hana wuta, goge ta kawai in tana gogar kwayil. Tunda ka buɗe murfin fanka, kwashe duk wata sheƙa da ke ciki, in ba haka ba injin zai tashi amma zafi ya cinye shi. Filogin da ya fito jiƙe sharkaf kuma, fetur ne ya yi yawa: kashe makunni, buɗe cok, ka ja igiya sau goma filogi yana waje, ka busar da shi ka mayar.

Idan ga wuta ga fetur kuma shiru, ji igiyar a hannunka. In tana tafiya sulɓi ba ta turjewa ko kaɗan, matsi ne babu, kuma bayan ajiya abin da ya fi jawo haka shi ne bawul ya maƙale a buɗe. Kwance noti huɗu na murfin da aka rubuta wa OHV, ka ja igiya a hankali kana kallon bawul biyun. Wanda ya nutse bai dawo ba, fesa wa sandarsa man sassauta tsatsa, ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar sukundireba har sifirinsa ya dawo da shi, sannan ka tabbata sandar da ke tura shi ba ta goce daga gurbinta ba. Tazarar bawul, inji yana da sanyi, a GX200 da tsofaffin GX160 milimita 0.15 ce a na shigar mai, 0.20 a na fitar hayaƙi, amma ta sabbin GX160 ta fi haka ƙanƙanta, don haka duba littafin injinka. In za ka auna matsi da agogo, ka sani injinan nan suna da abin rage matsi lokacin jan igiya, don haka lambar za ta fito ƙasa da yadda kake zato. Leƙa bakin salansa ma. Wani GX200 da aka kawo mini, an canja masa filogi da kafireto a banza, ashe zanzaro ne ya liƙe bakin salansar da laka.

Masu motocin gasa na sosai, irin masu injin Rotax Max ko IAME X30 na cc 125 da ake gauraya musu fetur da mai, ku ma fetur ne farkon abin zargi, sai dai ku ƙara da robobi. Fatar famfon mai na Rotax da ta cikin kafireton Tillotson na X30 suna ƙagewa idan sun bushe, kuma wanki ba ya dawo da su, sai sabo. Kada ku fesa wa irin waɗannan injinan maganin tada inji tsura, don babu mai a cikinsa. Batir kuma, cikakke volt 12.6 yake nunawa, in ya faɗi ƙasa da 12 a yi masa caji kafin a wahalar da sitata.

Tamu ta tashi a ja na biyu bayan wankin ƙarshe, ta yi shuɗin hayaƙi na 'yan mintuna saboda man da na ɗiga a silinda, sannan ya washe. Na buɗe cok sannu-sannu, na daidaita silo har ƙafafun baya suka tsaya cak, wanda a wannan injin ya kama wajen juyi 1,400 a minti. In ƙafafun suna juyawa a silo, ko dai silon ya yi sama ko kuloci ya yi tsatsa ya manne. Na bar ta ta yi ɗumi, na juye baƙin man da zafinsa na zuba sabo, na shafa wa sarƙa mai, na auna iskar taya, na taka birki ƙafafun suna juyawa a sama don in ga ya kama. Sai bayan nan na sauke ta, kuma ni na fara zagaye da ita kafin auta ya hau.

Da za a sake ajiye ta, na rufe makunnin fetur na bar injin yana aiki har ya mutu da kansa, na sassauta sukurun kofi sauran ya zube, na juye tanki, na ɗiga mai a silinda. Sannan na ja igiya a hankali har na ji ta turje na sake ta a nan, domin a wannan gurbin bawul biyun duk a rufe suke, danshi ba ya samun hanyar shiga. Na toshe bakin salansa da tsumma, na ɗaura jan zare a sitiyari don in tuna in cire shi. Wata 7 ta yi a wannan karon, kuma da na zuba sabon fetur ta tashi a ja na uku.